Shuɗin Faranti Ya Haɗa Ni da 'Yata

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara, zuciyata ta kusa fashewa.

Shekara tara ina dafa abincin shirin hutu a makarantar unguwarmu, inda yara ke zuwa wasanni su ci na rana. Na san yaran nan kamar yunwar cikina. Na san wanda ya karya, na san wanda ya fito da ruwa kawai a cikinsa. Shi ya sa na ware faranti shuɗaye guda ashirin. Duk yaron da na san gidansu babu, shuɗi nake miƙa masa, don masu taya ni zubawa su gane su ƙara masa ludayi ɗaya. Saboda Allah na yi.

Bana sabuwar shugabar shirin ta zo da nata salon, wai yara ne za su tsara komai. Aka kafa kwamitin 'yan shekara sha huɗu, sha biyar, waɗanda ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba! Suka soke gasar karatu suka sa gyaran keke, na ƙyale su. Suka ce mai ya yi yawa a miya, na haɗiye. Sai ranar taron iyaye aka zo karanta buƙatunsu, wa zan gani riƙe da takardar? 'Yata ta cikina. A gaban jama'a ta karanta cewa a daina faranti kala biyu, kowa ya zuba da kansa, wai ana yi wa wasu laƙabin 'yan shuɗi, har sun daina zuwa. Aka tafa mata, Anti, ni ina tsaye a ƙofar kicin ina warin hayaƙi.

Gida ɗaya muke kwana, amma ba ta taɓa buɗe baki ta gaya mini ba. Kwana biyar ke nan ban amsa gaisuwarta ba. Shugabar na ta kira ban ɗaga ba. Litinin za a fara sabon tsarin, kuma na san manya za su wawashe tukunya su bar ƙanana da ƙanzo. In ajiye musu aikin su ɗanɗana?

Mai Ludayi

Mai Ludayi, sannu. Abin da ciwo, kuma ba a kyauta miki ba. Ya kamata shugabar ta zauna da ke kafin a karanta komai a bainar jama'a. Ki ɗaga wayarta ki faɗa mata haka, ba tare da ɗaga murya ba.

Amma yaran sun ga abin da ba a gani daga bakin tukunya. Ke kina kallon cikin faranti, su suna kallon idon wanda ya ɗauke shi ya ratsa abokansa. Yaron da ya gwammace ya wuni da yunwa a gida ya riga ya yi bayani. Dalilin buƙatar tasu ke nan.

Tsoronki ma gaskiya ne, kuma su ba su san shi ba. Ki nemi zama da kwamitin kafin Litinin, ki faɗa musu yadda tukunya ke ƙarewa. Ƙanana su fara ɗiba, sannan a ajiye ƙari ga duk mai so, ba tambaya. Idan kika ajiye aikin, kwamitin ba zai ji a jikinsa ba, yara ashirin ɗinki ne za su ji.

Sai 'yarki. Ta yi kuskure da ba ta fara zuwa gare ki ba, amma ki tambayi kanki: da ta zo, da kin saurare ta? Yarinyar da ba ta iya ganin ana muzanta wani ta yi shiru, a hannunki ta koyo. Gobe da safe in ta gaishe ki, ki amsa, ki jawo ta ki zaunar.

Allah ya huci zuciyarki, ya shirya tsakaninku.