Burodin da Na Jefi Fintan da Shi

Dublin, Mayu 1916

Zuwa ga ƙanwata Dympna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya a Liverpool. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Maigidana Malachy har yanzu yana Faransa yana yi wa sarkin Ingila yaƙi.

Ki taya ni murna, Dympna, na haifi gwani. Ɗanki Fintan da abokansa sun tashi ƙwato ƙasa daga hannun sarki ranar Litinin ɗin Ista, kuma duk faɗin Dublin ba su ga wurin ja daga ba sai lambun Stephen's Green, inda ake kai jarirai shan iska. Suka kori masu hutawa, suka haƙa ramuka cikin furanni, daidai gindin dogon otal. Washegari soja suka hau bene suna harbinsu kamar kaji a akurki. Wai kuma in lokacin ba agwagin tafki abinci ya yi, kowa sai ya sauke bindiga. Ni dai kaina ya ɗaure: uba a rami don sarki, ɗa a rami don a kori sarki, agwagi na ta ƙiba.

Da suka miƙa wuya aka taso su gaba, matan kasuwa suka yi ta jifansu da ruɓaɓɓen kabeji, rabi ma daga teburina aka kwasa. Maƙwabciyata Attracta tana ihu wai mazanmu na mutuwa a Faransa, 'yan iska na wasan ƙasa a lambu. Na hango Fintan ya rame kamar kara. Na zaro burodi daga mayafina na wurga masa, na manta ya bushe ƙamas. Ya same shi a goshi. Attracta ta rungume ni, wai ba ta taɓa ganin uwa mai kishin sarki kamata ba. Shi kuwa ya juyo, jini na zuba, ni ya kalla, bai dubi abin da ya faɗi ƙasa ba.

An ce an kwashe su a jirgin ruwan dakon shanu zuwa kurkuku a Ingila. Ke ce kusa. Don Allah ki nemo shi ki gaya masa burodi ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki gaida maigidanki Cathal da 'yata Orla. Sannan ke mai hankali ki faɗa mini, in zan rubuta wa ubansa, in ce na jefi ɗan tawaye ne, ko na ciyar da shi?

Yayarki,
Honora