Inda Za Ki Kai Mazarƙwaila

Gurgaon,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga yayata, Jiji Omwati,

Ram Ram, Jiji. Na taɓa ƙafafunki daga nesa, na taɓa na mijinki Jija Hoshiyar, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar da damshin Guwahati ke tayar miki kowace damina, ya kuma nuna mana ranar auren 'yarki Kusum lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Rajbala tana nan da bakinta yadda kika san ta, sai hawan jini da ya ƙaru, wanda ta ce ni mijinta na sa mata shi, ni kuwa ban yi musu ba. Ɗanmu Lokesh yana fita aiki Delhi tun ƙarfe bakwai, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, har ya fara furfura alhali bai kai arba'in ba. 'Yarsa ta shiga aji uku, Turanci take yi mini, ina gyaɗa kai kamar na gane.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kike waya da shi duk Lahadi. To, a wayar ne na kasa. Sau uku ina fitowa baranda da maganar a bakina, da na ji muryarki sai in koma tambayar farashin albasa a garinku. Lahadin da ta wuce kika ce ranar goma sha huɗu ga watan gobe, bayan bikin fitilu, za ki sauka, ki zo ƙofar gidan mahaifinmu Bapu a ƙauyenmu Sohanwas da mazarƙwaila da shinkafa ki gayyace ni auren 'yarki, yadda mahaifiyarmu Ma ta kai wa 'yan'uwanta lokacin aurenki, ni kuma in zo ranar biki da kayan kawu in lulluɓa miki mayafi gaban dangin mijinki. Kika ce in sa a shafa wa gidan farar ƙasa, in sa a rage rassan darbejiya, don za ki zo da mata goma sha biyu masu waƙa, ba kya son su ga gidan ubanki da ƙura. Na ce to, Jiji. Wannan to ɗin ita ta hana ni sukuni, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Jiji, gidan Bapu babu shi. Na sayar da shi bara, watanni goma sha huɗu ke nan. Wanda ya saya ya rushe shi, ya sare darbejiyar, ya ɗora bene hawa biyar mai ɗakuna arba'in, duk masu gadi da direbobi da 'yan aikin gida ne a ciki. Inda Ma take kafa murhu yanzu shagon gyaran waya ne. Duk lokacin da kika tambaye ni ko darbejiya ta yi fure na ce ta yi, ƙarya na yi miki, kuma ina jin kunyarta har cikin ƙashina.

Ban manta da ranar da muka je ofishin filaye ba, shekara guda bayan rasuwar Bapu. Doka ta ba ki rabin eka huɗun nan na gonarsa, ke ma kin sani, akawun ma sai da ya tambaye ki sau biyu ko an tilasta miki. Kika yi masa dariya, kika ce wace 'yar Sohanwas ce ta taɓa cin gonar ɗan'uwanta, ya ba ki tawadar kawai ki dangwala, motarku tana jira. Da muka fito kina goge yatsanki da bakin mayafi, kika ce ke ba ki son ko taku ɗaya na ƙasa, abu ɗaya kike so, duk ranar da kika zo ki tarar da ƙofar Bapu, ki girgiza sarƙarta a buɗe miki. Na ɗora hannu a kaina na rantse. Na saya miki sarƙar wuya ta zinariya, ina ta jin kaina babban mutum, ashe eka biyu kika ba ni na ba ki abin da bai kai kuɗin tayoyin motata ba.

Sauran kin san rabinsa. Kamfani ya sayi gonar, ya ba da rupi miliyan hamsin, ni da ban taɓa riƙe dubu ɗari a dunƙule ba. Na sayi farar mota, na yi wa Lokesh auren da har yau ake labari, na zuba kuɗi a wani shago cikin babbar kasuwar da har yanzu ciyawa ce ke haya a cikinta. Sannan na sayi wannan gida a hawa na goma sha tara. Dillalin ya ce duk hawan da aka ƙara kuɗi yana ƙaruwa, manyan mutane sama suke zama. Na ce to a ba ni na saman. Ɗan baffanmu Jagmal, wanda ya ƙi motsawa daga ƙauye, ya zo ganin gida, ya leƙa ta baranda ya ja da baya, ya ce Rohtash, ko tsuntsu ai yakan sauko ya ci abinci, kai a nan me za ka ci, gajimare? Na ce masa ya koma ya ci gaba da kwashe kashin ɓauna, shi ya dace da shi. Kowa ya yi dariya, ni na fi kowa.

Ba zan ce wurin ba shi da daɗi ba, kada in ƙara wata ƙaryar. Akwai ciyawa kore shar, akwai masu gadi, asibiti yana kusa, ba a ɗauke wuta. Amma ni manomi ne, a sanina gida in ka gina shi ya gama cin kuɗinka. Wannan kuwa ci yake kamar ɓauna, ba ya ba da nono. Kowane wata dubu goma sha huɗu na shara da gadi da lifta, ban da janareto, ban da tankar ruwa, ban da harajin gida na hukumar birni. Albashin Lokesh in kika ji shi za ki ce mun haye, dubu casa'in, amma kafin ya iso hannunsa an yanke haraji, makarantar yarinya ta kwashi nata, mai ya kwashi nasa. Maƙwabtanmu miji da mata duk aiki suke, mu mutum biyar muna rataye a wuyan yaro ɗaya. Nonon da muke bai wa maƙwabta kyauta a ƙauye, yanzu a leda muke sayensa, Rajbala tana ɗaga ledar tana cewa wannan ko kyanwar Ma ba za ta kalle shi ba.

Duk da haka da mun lallaɓa, ba don takardar haraji ba. Jiji, Bapu bai taɓa biyan haraji a kan alkama da gero ba, kakanmu ma haka, kowa a Sohanwas ya san abin gona ba a taɓa shi. Da na sayar da gona ban tambayi kowa ba, na ɗauka kuɗin gona ɗan'uwan amfanin gona ne. Sai bayan shekara shida takarda ta zo. Lauya ya zaunar da ni ya ce gonar da birni ya matso kusa da ita, a idon doka ta daina zama gona, ko da alkama na tsaye a cikinta ranar da aka sayar. Na ce ai da hannuna na girbe ta a shekarar. Ya ce alkamar ba ta san doka ba, ni ma haka. Muka yi ta shari'a shekara da shekaru, kuɗin yana haihuwa, har ya tsaya a miliyan tara.

Nan ne laifina na gaske, kuma ba zan ɗora wa lauya ko hukuma ba. Gida biyu gare ni, dole ɗaya ya tafi. Da na sayar da na saman nan, da na biya, da canji ya rage, da mun koma ƙauye mun zauna ƙarƙashin darbejiya. Rajbala da bakinta ta ce mu koma, ita ta gaji da zaman da ba ta san sunan maƙwabciyarta ba. Lokesh ya ce duk abin da na yanke. Na yi ta fakewa da makarantar yarinya, amma gaskiyar ita ce fuskar Jagmal nake gani, yana zaune a gadon igiya da tukunyar tabarsa, yana kallona ina sauke kaya, yana cewa tsuntsu ya sauko. Don kada mutum ɗaya ya yi mini dariya na sayar da alkawarinki. Ko waya ban yi miki ba, don na san in kin ce a'a ba zan iya ba. Da na sani ƙeya ce, Jiji, tawa kuwa ta yi nauyi.

Abu ɗaya na tsirar. Ranar da za a fara rushewa na je na tsaya, ina ji ina gani suka ɗora guduma. Da suka zo kan ƙofar sai na kasa. Ƙofar nan mai ganye biyu da kakanmu ya sa aka sassaƙa, da ƙusoshinta na ƙarfe, da sarƙar da kike girgizawa sau uku in kin dawo daga rijiya. Na ce wa mai gidan wannan ba ta cikin ciniki. Ya ce in kwashe ta, dama wuta za a hura da ita. Na ɗauko ta a bayan tarakta, masu gadinmu suka ce tarakta ba ta shiga nan, sai da mutum shida suka ɗauke ta a kafaɗa. Lifta ta ƙi ɗaukarta, matakala ta ƙi juyawa da ita. Sai na kai ta ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye motoci, wurina dama babu komai tunda farar motar ma ta bi hanya. Ƙofar tana nan a lamba ɗari biyu da goma sha ɗaya, tsakanin motocin mutane. Sakatariyar kwamitin gida ta ce wurin na mota ne, ba na tarkace ba, ta sa mini tara duk wata, ta kuma ce ta san mai sayen irin waɗannan yana yi wa otal teburi da su, zai ba da kuɗi mai kyau. Na ce mata ubana bai taɓa cin abinci a kan ƙofarsa ba, baƙo ma ba zai ci ba. Rajbala kuwa cewa ta yi ita dai ta auri gwani, mutumin da ya sayar da ɓauna ya dawo gida da igiya yana taƙama. Ta faɗi haka, amma ita ce ke sauka duk Talata da tsumma tana goge ta.

Shekaranjiya na haɗiye girman kaina na je wurin Jagmal, don shi kaɗai ya rage da tsakar gida a layinmu. Na shirya wa dariyarsa, bai yi ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya miƙo mini taba, ya ce Omwati ba ta sani ba ko? Na ce ba ta sani ba. Ya ce kai dai jaki ne tun kana yaro, amma ita 'yar gidan nan ce, kakanmu ɗaya, ƙofarsa a buɗe take, ta zo da matanta su yi waƙarsu, in ta ga dama shi zai kai kayan kawu ya lulluɓa mata mayafi, ba za a ji kunya gaban surukai ba. Al'ada ta yarda da haka in mace ba ta da ɗan'uwa. Na dawo gida ina juya maganar, in mace ba ta da ɗan'uwa.

Saboda haka zaɓi yana hannunki, kuma na rubuto da wuri don ki sami lokacin yin fushi. In kin kai mazarƙwailarki gidan Jagmal, babu mai ganin laifinki, ni ma ba zan gani ba. Zan zo bikin in tsaya a baya cikin baƙi, kayan da na tanada kuma in ba shi ya haɗa da nasa ba tare da an ambaci sunana ba. Mayafin na riga na saya, ja ne mai bakin zinariya irin wanda kawunmu ya lulluɓa wa Ma. Eka biyunki ba ni da su, gidan ba ni da shi, ba na kuma roƙon ki ce ba komai, domin da komai.

Ki gaishe mini da Jija Hoshiyar, ki karanta masa wannan in kin ga dama, duk abin da ya kira ni na amsa. Ki shafa mini kan Kusum, ki ce mata kawunta yana yi mata fatan gida mai albarka da miji mai hankalin da ya fi na kawunta. Rajbala tana taɓa ƙafafunki, ta ce in gaya miki ita ta faɗa mini ban ji ba. Lokesh da matarsa da 'yarsu duk suna gaisuwa.

Ranar goma sha huɗu, tun da safe zan sauka ƙasa. Na riga na yi magana da mutum shidan nan, za su tayar da ƙofar tsaye su ɗaure ta tsakanin ginshiƙai biyu, na kuma bar sunanki wurin masu gadi, ke da mata goma sha biyu. Babu bango a gefenta, babu tsakar gida a bayanta, ni kaɗai ne zan kasance a can. Rajbala ta so ta shafa wa sarƙar mai, na hana ta, don ta yi ƙarar da kika sani. Zan tsaya har rana ta faɗi. In kin girgiza sau uku, zan buɗe.

Ƙaninki mai kunyar haɗa ido da ke,
Rohtash.