Inabin Baban Ummi

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu ma muna nan Guangzhou ta ƙasar Sin, sai haƙuri.

Yaya, wani abu ya tsaya mini a rai. Da na fita takaba, maƙwabciyata Maman Fati ta ja ni kasuwar ƙauye mai ci ran Asabar, wadda marigayi Baban Ummi yake kai ni. Garin masu gonar inabi da tulunan giya ne, mu dai kwando da kayan miya ke kai mu.

Tsohuwar da yake sayen inabi wurinta ta gane ni. Ta leƙa bayana, ta ce, "Lawban?" Wato ina maigida. Na sa Maman Fati ta ce mata ya yi tafiya. Ta yi murmushi, ta zaɓo inabi mafi kyau, wai tsarabarsa.

Ga shi nan a kwano, na kasa ci, na kasa zubarwa. Asabar zan koma in gaya mata gaskiya. Ki taya ni addu'a bakina ya buɗe.

Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Binta