Gwiwar famfon tsakar gida

Ƙonni, daren Talata, 8 ga Afrilu

Famfon tsakar gida ya sake hujewa, daidai gwiwa, inda bututun ya lanƙwasa. Illa mai gyara ya zo da la'asar, ya kwance ta ya miƙo mini. Ƙarfen ya koma kamar ɓawon albasa.

Ya ce, "Baba, tsatsa in ta kwanta, riga take zame wa ƙarfe. To ruwanka ba shi hutawa. Yana dukan gwiwar ga da ƙarfi, yana kankare rigar, sabuwar tsatsa ta ƙara cin ƙarfen. Ka hana matan unguwa ɗiba, sai ta daɗe."

Tun rasuwar Hajiya, ba muryar da ke shigowa gidan nan sai ta masu ɗibar ruwa. Ko ɗazu Rabi ta aje bokiti tana tsokanata, wai "Angona, yau ma ba a yi aski ba?" Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Na ce wa Illa ya sa sabuwa kawai.

Ya ce, "Ita ma hujewa za ta yi, Baba."

Na ce, "To sai ka dawo, ɗana. Kai ma ina son ganinka."