Takardar Haihuwar Mentesh

Salonika, 3 ga Maris, 1983

Zuwa ga jikata Rekula,

Kafin gaisuwa, amsa mini wannan, tunda an ce ke ce mai ƙwaƙwalwar gidan: wace mace ce ke da jikoki huɗu, amma ba ta taɓa durƙusawa haihuwa ba?

Yanzu kuma gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Ya karatun likitanci, ya sanyin Atina? Kina cin abinci kuwa, ko har yanzu kina nan kamar tsinken sakace?

Wasiƙa ta zo mini daga wata kotu a Jamus. An kama likitan sansanin da aka tsare mu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ashe duk shekarun nan yana can wani ƙauye yana duba yara, har da lambar yabo. Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Ina 'yar shekara goma sha bakwai ya tsayar da mu tsirara a gaban injin hoton ƙashi, mu goma sha biyu, har fatar cikinmu ta saluɓe. Bayan mako shida ya farke mu ya ciro abin da ya ƙona, don ya ga ko ya ƙonu da kyau. So suke su gano hanya mafi sauri ta hana Yahudawa haihuwa. Hannunsa kullum a wanke, ba ya tsawa, har sannu yake yi wa mutum.

A cikinmu mu biyu muka rage, ɗayar kuwa gigin tsufa ya cinye ta. Lauyan likitan ya tono takardar haihuwar babanki Mentesh, ta 1946, da sunana a wurin uwa. Wai matar da ta haihu bayan yaƙi babu abin da aka yi mata, don haka a watsar da shaidata. In aka watsar, tsohon zai koma gida ya ci gaba da ba furanninsa ruwa.

Zan je. Amma sai na fara zaunar da babanki na faɗa masa abin da na ɓoye shekara talatin da bakwai, kuma ban san ko zai sake kirana Mama ba.

Ki gaida saurayin naki mai kunnuwa kamar faranti.

Kakarki,
Palomba

Salonika, 20 ga Afrilu, 1983

Rekula 'yar nema,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Amsar da kika aiko ba ita ba ce, ban san me suke koya muku a can ba.

Na faɗa wa babanki. Ya ajiye kofin gahawarsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kaɗai na hau jirgin ƙasa.

A kotu na tarar da likitan ya tsufa tukuf, an shimfiɗa masa bargo a gwiwa kamar wani mutumin kirki. Lauyansa ya riƙa kaɗa mini takardar a fuska yana tambaya ko gaskiya aka rubuta a ciki. Na ce ƙarya ce tsagwaronta, ni na tsara ta, kuma a rayuwata ban taɓa yin aikin da ya kai ta kyau ba. Daga nan na ɗaga rigata. Alƙali ya ce ba sai na yi haka ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, shi bai nemi izinina ba da ya buɗe, ni ma ba zan nemi naka ba."

Likitan ya sa tabarau ya leƙo, ya ce wannan ɗinkin ba hannunsa ba ne, shi ba ya aikin ƙazanta.

"Gaskiyarka," na ce. "Kai yanka kake yi, ka bar wa fursuna ɗinki."

An karɓi shaidata. Hukunci sai kaka.

Babanki har yau bai tako gidana ba. Jiya dai ya aiko mamarki da burek, gashin fulawar nan mai alayyafo a ciki, da tambaya ɗaya: wai mene ne sunan matar da ta haife shi. Na ce ya zo da ƙafarsa ya ji. Na san zai zo, taurin kan nan a wurina ya koya.

Ki riƙe karatunki. In kin zama likita, ki riƙa tambayar mutum kafin ki taɓa shi.

Kakarki, ko takarda ta yarda ko ta ƙi,
Palomba

Amsar tambayar da na yi miki: ni ce. Oro ce ta haifi babanki, ƙawata da muka fito sansanin tare. Tarin fuka ya kashe ta yana da kwana tara a duniya, na ɗauke shi na je na rubuta sunana.