Ashe Shekara Talatin da Biyu Ina Cin Zogale Ban Sani Ba

Assalamu alaikum Hajiya Safara'u. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da na gano satin da ya wuce ya fi ƙarfin kaina, kuma duk wanda na tuna in faɗa mashi, na san dariya zai fara yi kafin ya saurare ni.

Ni manomi ne, ina noman rani a bakin ruwan Goronyo. Albasa ce babbar sana'ata, amma ina taɓa karas da kabeji, har alayyahu nakan shuka in kai kasuwa. Shekarata arba'in. Duk wanda ya san ni ya san ba ni cin ganye. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, ko miyar kuka ba ni sha, har kabewa na haɗa da su don haushi. A majalisarmu Maƙi-ganye suke kirana, ni kuwa har daɗi nike ji. Nakan buga ƙirji in ce ganye abincin awaki ne, su dube ni, wa ya fi ni ɗaukar buhu cikinsu?

Ba haka kawai na ƙi shi ba. Ina ɗan shekara takwas ruwa ya cinye muna gona. Wata uku munka yi ba abin da ke shiga bakinmu sai tafasa da rama, a dafa a barbaɗa gishiri, ran da anka samu ƙuli-ƙuli kuwa kamar salla. Cikin daminar nan ƙanena Nasrullahi ya rasu. Na san ba ganye ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ran da anka kai shi makwanci anka dawo, sai anka aje muna kwanon tafasa. Na ture kwanon, na rantse da Allah ganye ba zai ƙara shiga bakina ba har in mutu. Inna, mahaifiyata, tana zaune tana dubana.

Tun daga nan abincina tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ko jar miya, sai kifi, sai ɗanwake. Sai kuma wani yaji da Inna ke daka mini, ja ne mai ɗan duhu, mai ƙamshin citta da ƙuli-ƙuli. Ba ni cin komi sai da shi. In zan bi motar albasa zuwa kudu, gara in manta hula da in manta da shi. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa shekara biyu da sunka wuce, maiɗakina, bari in kira ta Habi, ita ta ci gaba da daka mini, ɗanɗanon bai canza ba ko kaɗan.

To, Habi ta tafi haihuwa gidansu a Rara, ta bar ni da ɗiyarmu Salima mai shekara shida, yayata Sauda ke kawo muna abinci. Ran Laraba ina neman gwangwanin da nike aje irin albasa, na shiga ɗakin Habi na leƙa bayan gado. Sai ga gwangwanaye biyar jere. Na buɗe na farko, kore shar, garin zogale. Na biyu garin alayyahu. Na uku kabewa ce anka yayyanka anka busar. Can gefe ga wani kwano a rufe. Na ɗaga murfin, Hajiya, sai ga yajina: gefe guda ja, gefe guda kore, ludayi na tsakiya. Ta fara gaurayawa kenan anka zo ɗaukarta, ba ta ƙarasa ba. La'ilaha illallahu! Nan na zauna ƙasa da kwanon a hannu, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Da Yaya Sauda ta zo na nuna mata. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka. Sannan ta ba ni labarin tun daga farko.

Wai bayan rantsuwata da 'yan makonni na fara ramewa, gefen bakina duk ya tsattsage. Inna ta san in ta matsa mini, taurin kai zan ƙara. Sai ta fara zuba garin zogale cikin yajina, abin da yatsu uku za su ɗauka, ta rufe launin da jan tonka, wato barkono, da soyayyen ƙuli-ƙuli. Duk wata sai ta ƙara kaɗan, ta zauna nesa tana duban fuskata in ina ci. Ran da na yamutsa fuska sai ta rage, ta jira wani watan. Shekara biyu ta yi tana wannan aikin kafin zogalen ya kai rabin yajin. Shekara biyu, Hajiya! Matar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Kuma ba yaji kaɗai ba. Kabewa tana narkewa cikin jar miyata. Alayyahu ana niƙa shi cikin kuɓewa, daddawa ta danne warinsa. Ɗanwaken da nike lashe kwano a kai, ashe da kuka ake kwaɓa shi, ni kuwa Inna ta bar ni ina zaton kanwa ce ke ba shi wannan launin. Ganyen ma ba a gidanmu ake shanya shi ba, kan rufin soron maƙwabta ake bazawa, a can ake dakawa. Da na auro Habi, ko sati ba ta yi ba Inna ta zaunar da ita ta koya mata. Har jarrabawa ta yi mata: ta sa ta haɗa nata yajin, anka aje mini ba tare da an ce komi ba, da na cinye ban tanka ba sannan Inna ta yarda da hannunta. Yaya Sauda tac ce babu wata matar aure a layinmu da ba ta san zancen ba. Shekara talatin da biyu ina wucewa gabansu ina hura hanci, ko ɗaya ba ta taɓa tona mini ba. Ikon Allah! Mu maza a majalisa ko kwana biyu ba mu iya riƙe magana.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne wanga. Duk shekara in damina ta yi tsakiya Inna takan yi azumin kwana uku. Mun ɗauka na nafila ne. Ashe saboda rantsuwata take yi. Wai ta taɓa tambayar malami, yac ce mata rantsuwar yaro ba ta hau kansa ba, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, tana tsoron kada a kama ɗanta da laifin abin da ita ta zuba mashi. Har shekarar da ta rasu sai da ta yi. Ni kuwa ko sannu ban taɓa ce mata ba a kai.

Ga inda matsalar take. Salima ba ta da abin koyi sai ni. In ta ga kore cikin abinci sai ta tsince shi tas, tac ce Babanta ba ya ci ita ma ba ta ci. Da ina jin daɗin haka, Allah ya gafarta mini. Yajin ya yi mata zafi ba ta taɓa shi, miyar ma tsakura take yi, don haka dabarar da ta raya ni ba ta kai gare ta ba. Kwanan nan ta fara kasala, tafin hannunta ya yi fari. Na kai ta asibiti sunka auna, sunka ce jininta ya yi ƙasa. Sun ba da magani, sunka ce a dage da zogale da alayyahu da wake da hanta. Ta ƙi ganyen ƙememe.

Jiya na sa anka yi mini kwaɗon zogale na shiga ɗaki ni kaɗai. Loma guda na kai baki, na ga fuskar Nasrullahi, na kasa haɗiyewa. Habi za ta dawo bayan sati biyu. In yi shiru in bar ta ta ci gaba, kamar ban gani ba? In yi mata magana, da wane ido? Wani lokacin sai in ji haushi an maishe ni yaro, jim kaɗan kuma sai in ji ban cancanci ko rabin abin da sunka yi mini ba. Ga rantsuwa, ga mutanen majalisa, ga ɗiyata tana ramewa ina gani. Mi zan yi?

Manomin Albasa, daga Goronyo

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina karanta wasiƙun mutane a wannan fili, amma taka sai da na ajiye ta na yi wa mahaifiyarka addu'a kafin na ɗauki alƙalami. Allah ya ji ƙan Inna. Irin haƙurin nan da basirar nan ba kullum ake jin labarinsu ba.

Haushin da kake ji ba laifi ba ne. Ba wanda zai so a ce kowa ya san wani abu game da kwanon abincinsa sai shi kaɗai. Ƙin ganyenka kuma ba iyayi ba ne, baƙin cikin yaro ne da ya rasa ƙaninsa bai samu wanda zai rarrashe shi ba. Sai dai ka dubi ɗaya ɓangaren. Inna ta binne ɗa guda a daminar nan, tana kallon na biyu yana ramewa. Habi kuwa ta tarar da amana ne, ta riƙe. Ba wanda ya yi don ya raina ka.

Batun rantsuwa, ni ba malama ba ce. Ka je wurin malamin da ka yarda da shi cikin makon nan, ka faɗa masa shekarunka lokacin da ka yi ta. An riga an ba Inna amsa, ina kyautata zaton irinta za ka ji, amma gara ka ji da kunnenka zuciyarka ta huta.

Kada ka yi wa Habi shiru. Shekara da shekaru tana shanya ganye a ɓoye tana fargabar ranar da za ka gane, ga shi yanzu za ta dawo da jariri a hannu. Ka sauke mata wannan nauyin. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce ka gani, ka gode, kuma daga yau ta shanya a tsakar gidanta.

Kwaɗon da ka kasa haɗiyewa, ka fara da abin da ya fi wuya ne, kuma kai kaɗai a ɗaki. Harshenka ya daɗe da sanin zogale, idonka ne bai saba ba. Ka fara da miyar da ka saba, a yanka alayyahu kaɗan yadda za ka gan shi, ka ƙara sannu a hankali. In Nasrullahi ya faɗo maka a rai, ka tsaya ka yi masa addu'a, sannan ka ci gaba.

Salima ita ce gaggawa. A ba ta maganin asibiti yadda aka ce har ya ƙare, a koma a sake auna jinin, ka kuma tambaye su ko akwai tsutsar ciki ko zazzaɓi a lamarin. Wake da hanta da kifi ba ta ƙi su ba, a fara da su yau. A zuba mata garin zogale kaɗan a miya ko faten wake, a haɗa mata da lemo ko tumatir, a nisanta shayi daga lokacin cin abinci. Kada a yi mata dure ko tsawa. Ka tafi da ita fadama ka ware mata ɗan layin alayyahu nata, ta ba shi ruwa, ta tsinko da hannunta. Yaro yakan so ɗanɗana abin da ya shuka.

Mutanen majalisa za su yi dariya mako guda, ka taya su, su gaji su bari. Wannan ba abin da za ka ɗora a sikeli ɗaya da jinin 'yarka ba ne.

Amma duk dabarun nan ba za su yi aiki ba sai ka yi abu guda, kuma ba wanda zai iya yi maka shi. Ka zaunar da ita kusa da kai da rana tsaka, kwano ɗaya, ganyen yana a fili. Ka gaya mata cewa Babanta ya yi kuskure. Sannan ka kai loma baki tana kallo, ko da hawaye za ka haɗiye ta. Yarinyar nan ba ganye ta ƙi ba, kai take bi, kuma inda ka sa hannu nan za ta sa nata.

Allah ya ba Salima lafiya, ya raya jaririn, ya saka wa Habi da alheri, ya kuma ba ka ƙarfin haɗiye lomar farko.

Hajiya Safara'u