Injin cika harsashin Baba

Daren Talata, Kampung Baru

Yau na gama zaɓar wa Baba injin cika harsashi. Wata biyu ina kwatanta guda biyu a intanet, ƙarshe na tsaya a kan mai hannu ɗaya, wanda ake ja ya cika harsashi ɗaya-ɗaya. Shi ya dace da tsohon maharbi mara gaggawa kamar Baba, tunda hannunsa ya soma rawa.

A mamak, shagon shayi da abinci, na nuna wa Sani, abokin karatuna a nan ƙasar waje, hoton. Ya ture wayar, har da "lah" ɗin mutanen nan a bakinsa. "Rufa mana asiri, lah! Ƙasar nan ko kwanson harsashi aka gani a jakarka, karatu ya ƙare." Na ce ba nan zan saya ba, sai an binciki izini a gida.

Bayan la'asar na kira Baba da murnata. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Auwalu, ai na miƙa bindigar da lasinta tun kafin azumi. Idon ya tafi. Ko fuskar gyatumarka sai ta matso nake ganewa."

Na ce, "Baba, shi ne ka bar ni ina ta wahalar bincike?"

Ya yi 'yar dariya. "Da ba ka kira sai Juma'a. Da maganar injin nan ta taso, kullum ina jin muryarka."

Saura shekara biyu in gama karatu in koma gida. Ban sani ba ko zai gane ni daga bakin ƙofa.